Icce Tun Yana Ɗanye: Doron Yaro Da Numfashinsa A Ƙasar Kurfai

Matanin laccar da aka karanta a garin Filinge gaban taron ƴan kasuwa, malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati.



Duk wanda ya saba cin kasuwannin Dallol Boso, daga Balleyara zuwa Bonkuku, daga Filinge zuwa Abala, ba zai rasa sanin wani yaro mai doro ba. Wani yana tsaron rumfar ubansa, wata tana zaune gefen mai fura, wani kuma an sake shi bara. Ido ya saba da su har ya daina ganinsu. In maganarsu ta taso sai a ce haka Allah Ya halicce su, a wuce. Kaɗan ne suka taɓa lura cewa yaron nan ba ya gama tafiyar da tsararsa ke yi sai ya tsaya ya huta, cewa kowane hunturu tari na kwantar da shi, kuma cewa da yawa daga cikin irinsa ba da doro aka haife su ba: sun yi rarrafe, sun yi tafiya da baya miƙaƙƙe, daga baya abin ya same su a gaban idon kowa.

Magana ɗaya wannan lacca za ta tsaya a kai. Karkacewar bayan yaro ba batun siffa ba ne kaɗai, batun numfashi ne, wato batun rai. Kuma abin da ya raba yaron da zai tsira da wanda zai wahala shi ne lokacin da aka gane ciwon. Doron da ake tarewa da ƙwayar magani a farkonsa, in an makara, ko dukiyar babban attajiri da ƙyar take miƙe shi. Magabata sun riga sun faɗa: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Baya da ƙirji gida ɗaya ne

Ƙashin bayan ɗan Adam ba sanda ɗaya ba ce. Ƙananan ƙasusuwa ne 33 da aka jera bisa juna: 7 a wuya, 12 a daidai ƙirji, 5 a ƙugu, sauran kuma sun haɗe a ƙasa. A tsakiyarsu akwai ramin da laka ke bi, wadda ke kai saƙon ƙwaƙwalwa zuwa ƙafafu da mafitsara. Su kuwa 12 ɗin nan na tsakiya, kowane ɗaya yana riƙe da haƙarƙari biyu, dama da hagu, akasarinsu su zagayo su haɗu da ƙashin ƙirji ta gaba. Wannan kwando shi ne ɗakin huhu da zuciya.

Wanda ya taɓa zama a maƙera ya san aikin zugazugi: a buɗe fata iska ta shiga, a matse ta fita. Haka numfashi yake. Huhu ba ya jan iska da ƙarfin kansa; ƙirji ne ke buɗewa, shi kuma ya bi. To, idan ƙashin baya ya karkace, ba lanƙwasa kaɗai yake yi ba, har murɗewa yake yi kamar igiya, ya ja haƙarƙari tare da shi. Na gefe ɗaya su turo baya su zama tudun da ake gani, na ɗaya gefen su matse juna. Zugazugin ya ƙanƙance, ya kuma yi tauri. Daga nan numfashin yaro ya zama gajere mai sauri, tarinsa ya rasa ƙarfin fitar da kaki, kakin ya kwanta ya zama ciwon huhu. In abin ya tsananta, iskar da yake shaƙa cikin barci ba ta isarsa, ya tashi da ciwon kai, ya yini yana gyangyaɗi. Ƙarshen lamarin, zuciya ta gaji da tura jini cikin huhun da ya matse, ƙafafu su kumbura.

Shekarun yaro suna da babban tasiri a nan. Likitocin ƙashi na Faransa da suka auna girman yara sun nuna cewa cikin ƙirjin jariri bai wuce kashi 6 cikin 100 na ƙirjin babban mutum ba. A shekara 5 ya kai kashi 30, a shekara 10 kuma rabi. Ƙananan jakunkunan iska na cikin huhu ma a shekarun farko suke yawaita, zuwa wajen shekara 8. Saboda haka karkacewar da ta kama yaro kafin ya cika 10 ita ce mafi haɗari, domin huhun da bai sami wurin girma ba a lokacinsa ba ya rama abin da ya rasa.

Likita ba da ido yake yanke hukunci ba. Ana ɗaukar hoton ƙashi a auna kusurwar lanƙwasar, bisa hanyar da likita John Cobb na Amurka ya tsara a 1948. Ƙasa da digiri 10 ba a kiransa ciwo. Daga 25, ga yaron da bai gama girma ba, ana neman abin da zai tare shi. Daga 45 zuwa 50 ana fara maganar aiki. In ya haura 70 ko 80 a daidai ƙirji, numfashi na raguwa a fili. In ya kai 100, rai na cikin haɗari.

Doro na farko: tarin fuka a cikin ƙashi

Jama'a sun san tarin fuka a matsayin ciwon ƙirji. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne ƙwayar cutar na bin jini ta sauka a ƙashi, kuma kusan rabin tarin fukan ƙashi a baya yake zama. Tsohuwar cuta ce, har a gawarwakin Misirawan dā an ga alamarta. Wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya bayyana ta a 1779, shi ya sa likitoci ke kiranta da sunansa. Robert Koch na Jamus kuma ya gano ƙwayar a 1882. Har yau ba ta tafi ba: bisa ƙiyasin Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, mutum miliyan 10.8 suka kamu da tarin fuka a 2023, fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu yara ne.

Yadda take aiki kamar gara ne a ginshiƙin rumbu. Tana cinye gaban ƙashi biyu ko uku a hankali, cikin watanni, har su rushe ta gaba, baya ya karye ya fito da tsini kamar gwiwa. Babu komai a cikin wannan doro sai ƙashin da ya rushe: ba iska, ba sammu, ba wata ajiya. Mugunyar da ta taru kuwa tana iya danne laka, ƙafafu su mutu.

Amma kafin tsinin ya fito, ciwon na yin sallama. Yaro ya riƙa kukan baya, musamman da dare. Ya daina wasa, ya riƙa tafiya a sanƙare. In aka jefa dala a ƙasa aka ce ya ɗauko, ba zai sunkuya ba, sai ya tsuguna yana dafa cinyoyinsa. Ga zazzaɓin marece, ga gumin dare, ga rama. Wani lokaci ƙurji marar zafi ya fito a kwiɓi ko a matsematsi. A wannan mataki ne gidaje da yawa ke kai yaro wurin madori ko wanzami. Ba a raina sana'ar kowa ba. Madori gwani ne a karaya. Sai dai wannan ba karaya ba ce, kuma ƙashin da cuta ta cinye ba ya son matsa, ba ya son sakiya.

Daga ina yaro ke samunta? Kusan kullum daga babba mai tari a cikin gida: kaka da ta daɗe tana tari, ko uba da ya dawo daga cin rani a ramamme. Ɗaki mai cunkoso marar taga yana taimakon cutar, kuma rashin tsaron da ya addabi arewacin jahar Tillaberi ya tara iyalai da yawa a wuri ƙanƙane. Akwai kuma wata ƙofa da ta shafi ƙasar kiwo irin Kurfai, ƙasar shanun Azawak da tashar Tukunus: shanu ma suna da nasu tarin fuka, yana kuma shiga mutum ta ɗanyar madara. Tafasa madara kafin a ba yaro, ko kafin a kwantar da ita ta zama nono, yana rufe wannan ƙofa.

Labari mai daɗi shi ne ana warkewa. Tun daga shekarun 1960, gwaje-gwajen da aka yi a Koriya da Bulawayo sun tabbatar da cewa mafi yawan masu wannan ciwo ƙwayar magani kaɗai ke warkar da su, ba sai an yi aiki ba. Magani huɗu ake haɗawa a wata biyu na farko, sannan a ci gaba da biyu, jimilla daga wata 9 zuwa 12. A Nijar kyauta ake ba da maganin tarin fuka. Sharuɗɗa biyu ne kawai. Na farko, a sha shi har ƙarshe, ko da yaro ya miƙe yana gudu a wata na uku. Yanke magani shi ke haifar da cutar da ba ta jin magani. Na biyu, a sani magani na kashe ƙwayar cuta, amma ba ya tada ƙashin da ya riga ya rushe. Likitocin Indiya sun nuna cewa a wasu yara doron na ci gaba da ƙaruwa bayan warkewa, muddin suna girma. Don haka ranar gama magani ba ita ce ranar sallama da likita ba. A riƙa duba bayan yaron har ya gama tsawo.

A kuma kiyaye haƙƙinsa: yaron da cutar ke cikin ƙashinsa kaɗai, ba cikin huhu ba, ba ya shafa wa kowa. Babu dalilin ware masa kwano ko hana shi makaranta. Wanda ya kamata a nemo shi ne babban da ke tari a gidan, a auna kakinsa, a kuma ba ƙananan yaran gidan maganin kariya.

Doro na biyu: karkacewar lokacin balaga

Iri na biyu ba tsini yake yi ba, lanƙwasa yake yi zuwa gefe kamar lauje. Likitoci na kiransa sikoliyos. Yana samun yara 2 zuwa 3 cikin 100 tsakanin shekara 10 da 16, kuma a wajen kashi 8 cikin 10 na masu shi ba a san dalilinsa ba, illa dai yana bin dangi. Ba tulun ruwa ne ya jawo shi ba, ba farantin talla ba, ba jakar makaranta ba, ba zaman tabarma ba. Waɗannan na iya sa ciwon baya, kuma nauyin da ya fi ƙarfin yaro zalunci ne, amma ba su ke murɗe ƙashi ba. Kada uwa ta ɗora wa kanta laifi, kada kuma a ɗora mata.

Mafi yawan irin wannan karkacewa ƙarama ce, sa ido kawai take bukata. Wani bincike na jami'ar Iowa ta Amurka, wanda ya bi irin waɗannan marasa lafiya shekara 50 aka buga shi a 2003, ya nuna cewa akasarinsu sun yi aure, sun haihu, sun yi sana'a. Ƙarancin numfashi ya fi samun waɗanda lanƙwasarsu ta yi girma a daidai ƙirji. Ke nan ba abin tada hankali ba ne, abin lura ne. Haɗarinsa biyu ne: yawanci ba ya ciwo, kuma ya fi tsananta ga ƴan mata, a daidai lokacin da yarinya ke harbawa, kafin ta fara al'ada da kuma bayan farawar da kaɗan. A wannan lokaci ne kuwa yarinya ke rufe jikinta da zane da hijabi, ta daina bari a yi mata wanka. Shekara biyu ta isa ƙaramar lanƙwasa ta zama babba ba wanda ya gani. Sau da yawa tela ce ke fara lura, in ta ga riga ta ƙi zama daidai.

Gwajinsa ba ya cin ko dala, kuma tun 1865 likita William Adams ya bayyana shi. Yaro ya tuɓe riga, ya haɗa ƙafafu, ya sunkuya gaba hannuwa na reto, mai dubawa ya tsaya a bayansa. In gefe ɗaya na haƙarƙari ya fi ɗaya tudu, a kai shi likita. A tsaye kuma a duba ko kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ko allon kafaɗa ɗaya ya turo, ko ƙugu ya karkata. Minti ɗaya ya isa. Ƴan mata, mata ne za su duba su, a cikin ɗaki.

In an gano shi tsakanin digiri 25 da 40, yaro kuma yana kan girma, ana ɗinka masa wata riga ta roba mai tauri da ke riƙe baya, ya sa ta mafi yawan sa'o'in yini. Binciken da aka buga a 2013 a Amurka ya nuna cewa kashi 72 cikin 100 na waɗanda suka sa rigar ba su kai ga matakin aiki ba, alhali a cikin waɗanda aka zuba wa ido kawai kashi 48 ne. Rigar ba ta miƙe baya, tare shi take yi. Kuma in girma ya ƙare, amfaninta ya ƙare.

Sauran dalilai, da abin da hunturu ke ƙarawa

Akwai yaran da aka haifa da ƙashi ɗaya bai cika ba, karkacewarsu na bayyana tun suna goye. Akwai waɗanda naman jikinsu ya raunana, ko don shan inna, ko don lahanin ƙwaƙwalwa bayan doguwar naƙuda ko sanƙarau. Su wahalarsu biyu ce, ga ƙirji a matse, ga naman da zai buɗe shi ba ƙarfi. Nijar ta ga mai shan inna na asali na ƙarshe a 2012, aka kuma tabbatar da kawar da shi daga Afirka a watan Agustan 2020. Amma waɗanda ya riga ya taɓa suna nan, kuma allurar ba ta zama abin wasa ba. Akwai kuma taushin ƙashi na ƙananan yara, wanda bincike a Jos ta Nijeriya ya nuna cewa ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci na jawo shi.

Duk waɗannan yara abu ɗaya ya haɗa su: ba su da ajiyar numfashi. Muran da ɗan'uwansu zai yi kwana uku ya warke, su yana iya kai su kwance. Ƙurar hunturu da hayaƙin kara da na icce a ɗakin girki sun fi cutar da su. Ciwon huhu ya kashe yara ƴan ƙasa da shekara 5 fiye da 700,000 a duniya a 2019. Ganewarsa kuwa da agogo ake yi: a ƙirga numfashin yaro cikin minti ɗaya yana kwance lafiya lau. In ya kai 60 ga jaririn da bai cika wata 2 ba, ko 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko kuma ƙasan ƙirjinsa na lotsawa in ya ja iska, a tafi likita a ranar. Allurar BCG ta ranar haihuwa, wadda aka fara amfani da ita a 1921, tana kare jarirai daga mafi munin tarin fuka; allurar ciwon huhu kuma ta shiga jerin rigakafin Nijar a 2014. Katin rigakafi cikakke shi ne garkuwa ta farko.

Alama ɗaya kuma ba ta jiran ranar kasuwa ko saukar albashi: yaro mai ciwon baya da ƙafafunsa suka fara nauyi, ko fitsari ya fara kuɓuce masa. Laka ce ke neman ceto, kuma kwanaki ake ƙirgawa.

Tsawon hanya da nauyin aljihu

Daga Filinge zuwa Yamai kilomita 180 ne ko kusa da haka. Ga mai mota, tafiyar hantsi ce. Ga manomin da ke ƙauyen da ya fi kusa da Sanam, rabin rumbu ne. A cibiyar lafiya ta CSI da asibitin gunduma ake fara gwaji da karɓar maganin tarin fuka. Abin da ya fi ƙarfinsu sai Yamai: Babban Asibitin Ƙasa, da Babban Asibitin Kwararru da aka buɗe a 2016, da asibitin yara na CURE da ya fara aiki a 2010, wanda ya shahara wajen gyaran ƙafafu da sauran naƙasar yara. Fatake kuma sun san asibitin ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa a 1959.

Aikin miƙe baya kuwa yana cikin manyan ayyukan likita. Paul Harrington na Amurka ne ya fara sa sandar ƙarfe a bayan masu shan inna, ya bayyana hanyarsa a 1962. Cotrel da Dubousset na Faransa suka inganta ta a farkon shekarun 1980. A Afirka ta Yamma, wurin da ya fi suna shi ne asibitin FOCOS na Akra, wanda Farfesa Oheneba Boachie-Adjei, ɗan Gana, ya kafa, aka buɗe shi a 2012. Can akan kafa wa yaro zoben ƙarfe a kai, a riƙa jan bayansa da nauyi makonni ko watanni, don ƙirji ya buɗe kafin a yi aiki. Har daga Habasha ake kai yara. Amma kuɗin irin wannan aiki miliyoyin sefa ne, kuma wuraren kaɗan ne. Ɗan kasuwa ya fi kowa gane wannan lissafi: a gefe ɗaya kuɗin mota da hoton ƙashi, a ɗaya gefen miliyoyi da ƙetare iyaka biyu. Jinkiri ne kawai tsakaninsu.

Yaron da ya wuce shekara biyar, na wane ne?

Nan ne maganar ta iso ƙofar hukuma. Bayan shirin Bamako na 1987, Nijar ta kafa dokar biyan kuɗin magani a 1995, shekara ɗaya bayan karyewar darajar sefa. A 2006 aka ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 biyan kuɗi, matakin da ya ceci rayuka da yawa, ko da yake jinkirin biyan cibiyoyin lafiya bashinsu ya daɗe yana raunana shi. A 2024 kuma aka rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi. Duk wannan abin yabo ne. Amma a duba da kyau: karkacewar balaga a shekara 10 zuwa 16 take fitowa, doron tarin fuka kuma yana ƙaruwa har ƙarshen girma. Yaron da ya cika 5 ya fita daga inuwar kyauta, ya daina zuwa awo, bai kuma kai shekarun da zai kai kansa likita ba. Shekaru goma mafi muhimmanci ga bayansa, babu mai kallonsa.

Ba dokoki ne suka yi ƙaranci ba. Tun a ranar 2 ga Maris 1993, a ƙarshen mulkin riƙon ƙwarya da ya biyo bayan Taron Ƙasa, aka kafa dokar kare haƙƙin naƙasassu. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu. A Abuja, a 2001, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, mizanin da Nijar ba ta cika ba. Takarda ba ta ɗaukar hoton ƙashi. Talakan da ke biyan haraji da kuɗin rumfa yana da haƙƙin ya tambaya: ina rabon ɗansa ɗan shekara 12?

Abin da ke hannun kowa

Ba a neman a gina asibitin Akra a Filinge. Abubuwan da ake nema ƙanana ne, kowanne kuma da mai shi.

Ga malaman makaranta da masu duba su: sau ɗaya a shekara, a yi gwajin sunkuyo ga ƴan ajin ƙarshe na firamare da na farkon sakandare, malamai mata su duba ƴan mata. Tun da yara da yawa ba sa boko, wasu makarantun kuma rashin tsaro ya rufe su, a koya wa malaman allo da na Islamiyya, da ungozomomi, da teloli mata.

Ga ma'aikatan lafiya: duk yaron da ya zo da ciwon bayan da ya wuce mako biyu ko uku, a tuɓe masa riga a duba, kada a sallame shi da maganin zafi kawai. A buɗe littafin yaran da suka gama maganin tarin fukan ƙashi, a riƙa kiransu. Gwaji ba shi da amfani in wanda aka gano bai san inda zai nufa ba. A ba shi takardar turawa mai sunan asibiti.

Ga masu riƙe da gundumomi da garuruwa: a ware layi a kasafin kuɗi don motar marasa ƙarfi da hoton ƙashinsu, a kuma karanta wa jama'a abin da aka kashe.

Ga ƴan kasuwa: mai motar da ke zuwa Yamai ya ba da kujera biyu, ta yaro da ta uwarsa. Ƙungiyar kasuwa ta kafa asusu, ko daga adashi, ko daga zakka. Mai masauki a birni ya sauki baƙon da ya zo jinya. Kuma kada a bari a sayar da maganin tarin fuka ƙwaya-ƙwaya a faranti. Ribar dala ce, asarar gari. Wanda ke neman yaron shago ko mai riƙe masa littafi, ya tuna doro bai taɓa ƙwaƙwalwa ba.

Ga iyaye kuwa, aikin nasu ya fi na kowa sauƙi, ya kuma fi na kowa nauyi. Yau da dare, kafin a kashe fitila, kowace uwa ta kira ɗiyarta, kowane uba ya kira ɗansa, a sa shi ya sunkuya, a duba. Yarda da ƙaddara wajibi ne, neman magani kuma ba ya warware ta. Wanda ya ga baya miƙaƙƙe ya gode wa Allah, ya sake dubawa baɗi. Wanda ya ga tudu, kada ya jira kaka, kada ya ɓoye don gudun bakin mutane ko don tsoron rasa mijin aure. Ya kama hanya tun iccen yana ɗanye.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya raya zuri'a, Ya zaunar da ƙasa lafiya.